Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar ƙauye ce daga can wajen Katsina, zaman Agege bai rage mata komai daga kunyar ɗan fari ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce da ni, "Ke, miƙa wa wancan." In ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Mu da aka haifa a Legas dariya abin yake ba mu, har wata maƙwabciyarmu Bayarabiya ta taɓa jawo ni gefe ta tambaye ni ko ɗan riƙo ne.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki Yaya ya tafi. Wasu 'yan Nijar da suke dako tare a kasuwar goro ne suka cika masa kunne da zancen Libiya, ya bi su ta Agadas. Ya bugo waya shagon waya na bakin titinmu ya ce ya isa lafiya, daga nan shiru. Da damina ta zagayo Baba ya rasu, ba mu da inda za mu aika masa da labari. Inna ta yi takaba ta fita, ba ta taɓa buɗe baki ta ce ina yake ba. In wani ya dawo daga tafiya iyakarta ta ce, "Ba wani labari?" Amma ɗakinmu ɗaya da ita, ina ganin yadda zani yake ƙara zagaya ƙugunta.

Ni a lokacin ina buga wa mutane takardu a wani shago kusa da layin dogo. Ogana Bayarabe ne mai yawan faɗa, amma zuciyarsa fes. Ya sayo tsofaffin kwamfutoci ya jona su da intanet ta layin waya, samari suka riƙa cika mana shago. Wata rana na leƙa na ga wani yana kallon shafin danginsa da ke ƙasar waje, ga hotuna, ga sunaye. Na tambayi oga wa yake yi wa mutane irin wannan. Ya ce kowa ma yana iya yi da kansa in yana da haƙuri, "wanda ke ba ki da shi." Raina ya ba ni cewa in dai akwai shagon intanet a Agege, ba za a rasa a Libiya ba. Na ce masa ya koya mini, ina so in nemo yayana.

Ya ce akwai masu ba da wuri kyauta, amma za su lulluɓe mini shafin da talla, kuma ranar da suka ga dama su share. Na ce ba na so. Sai ya ce to, sai na yi rajistar adireshi nawa na kaina, in kuma kama wuri a wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta, kamar dai hayar ɗaki, shekara-shekara. Ƙaninsa da ke waje shi ya tsaya mana a kan wannan. Sauran aikin nawa ne.

Wayyo, na sha wuya! Kowane layi sai ka buɗe masa alama ka rufe. Na manta ban rufe ɗaya ba, rubutun gaba ɗaya ya kumbura ya cika fuskar kwamfuta. Ina cikin gyara a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta duk abin da na yi ya tafi. Na yi zagi da Hausa, na ƙara da Yarabanci, oga yana gefe yana dariya.

Hoton Yaya ɗaya ne a gidanmu, na wata Sallah, yana can ƙasan akwatin Inna. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ni me zan yi da hoton wani?" Da safe na same shi a kan jakata, an naɗe shi a cikin ɗankwali. Na sa shi a shafin, ina ta murna, ashe a kwamfutata kaɗai yake fitowa. Rubutun kawai na tura can, hoton yana nan zaune a shago. Sai da oga ya buɗe a wata kwamfutar ya nuna mini gurbinsa fayau, sannan na gane.

Oga ya ce in rubuta sunan Yaya a sama, in maimaita a ƙasa, har da laƙabin da 'yan kasuwa suke kiransa da shi, domin injin bincike da suna yake nemo mutum. Na rubuta. Na sa wurin da baƙo zai bar saƙo. Sai na tuna bokon Yaya bai yi nisa ba, kuma matafiya a lokacin da kaset suke aiko da gaisuwa gida. Na aro rikoda na ajiye a gaban Inna, na ce ta yi masa magana, oga zai mayar da muryar cikin kwamfuta.

Ta gyara mayafi, ta yi sallama. Ta gaida "mutanen da suke can". Ta ce Malam, wato Baba, ya rasu, an yi masa sutura yadda ya kamata. Ta ce ruwan bana ya shiga har tsakar gida. Ta ce goro ya yi araha. Iyakar maganarta ke nan.

Na danne rikodar na ce, "Haba Inna! Wai da wa kike magana? Ki kira sunansa mana, ki ce ya dawo!"

Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya. 'Ya'yan Legas!"

"Kunyar me? Mutum ya ɓace, ke kina zancen goro?"

Ta dube ni ta ce, "In ya ji, ya san da shi nake."

Wallahi na ji haushinta ranar, haushi mai tsanani, har na yi kuka. Haka na tura muryar, ba suna, ba kira.

Bayan 'yan kwanaki ta ce in kai ta ta ga "abin". Ba ta hawa okada, da ƙafa muka je. Na zaunar da ita na buga adireshin. Layin yana jan jiki, hoton ya riƙa saukowa kaɗan-kaɗan daga sama: hula, goshi, gira. Idanunsa na fitowa ta kawar da kai, ta koma kallon fankar da ke sama, domin akwai mutane a shagon. Ba ta juyo ba ta tambaye ni, "Yanzu ko'ina a duniya ana ganin wannan?" Na ce ko'ina. Ta ce, "Har cikin hamada?"

Watanni suka wuce. Kowace safiya kafin in taɓa aikin kowa sai na duba wurin saƙo. Wani ya yi addu'a, wani ya tambayi ko ina da aure, Allah ya shirye shi. Inna ba ta tambaya, amma in na dawo fuskata take fara dubawa. Shekara ta kusa cika, oga ya ce ko za a sabunta hayar wurin. Na ce ko da abincina ne sai an sabunta.

Ba a daɗe ba saƙon ya zo, wata safiya ana yayyafi. Wani tela ne ɗan Nijar da ke zaune a Sabha, can Libiya, Hausarsa da rubutun Faransanci, sai da na karanta a bayyane na gane. Ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Yaya. Zazzaɓi ya kama shi a cikin azumin shekarar da ya iso, bai kai Sallah ba. Hausawan garin sun yi masa wanka, sun sallace shi, sun binne shi. Ya ce abin da ya sani game da gidan su Yaya kawai shi ne Agege, tun lokacin yake neman wanda zai gaya wa, sai da aka nuna masa yadda ake buga suna a kwamfuta ya gwada. Ashe Yaya ya riga Baba tafiya. A ƙarshe telan ya ce ya saurari muryar, ya kuma san mahaifiyar Yaya ce, domin ba ta ambace shi ba. Ya ce tasa mahaifiyar ma haka take.

Oga ya karɓi aikin da ke hannuna. Na taka zuwa gida cikin ruwan. Na tarar da Inna a bakin ƙofa tana tsintar wake. Ta dubi fuskata, ta ajiye faifan. Na durƙusa na gaya mata. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Can ta ce, "An sallace shi?" Na ce an sallace shi. Ta ce, "Alhamdulillahi." Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ni ce na yi na mu biyu.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, wata rana da hantsi, ta ce da ni, "Rikodar nan tana nan?" Na je na sake aro ta. Ta ce in rufe ƙofa, amma ba ta ce in fita ba. Na danna mata. Ta matso da bakinta kusa, ta kira sunansa.

Ta ce, "Ni ce. Da kai nake, tun can ma da kai nake. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Ta share fuskarta da bakin mayafi ta ce, "Je ki sa masa a can."

Ni mai gardama, wannan karon sai kawai na ɗauki rikodar. Na kai shago, oga ya mayar da muryar cikin kwamfuta, na tura ta kusa da ta farko. Na toshe kunnuwana da abin sauraro na kunna, wai in tabbatar ta hau. Duk Agege a gajarce muke faɗin sunan nan. Ita cikakke ta faɗe shi, yadda aka raɗa masa, tana ɗan jan ƙarshensa irin na mutanen ƙauyensu. Tun da aka haife ni ban taɓa sanin haka yake a bakinta ba, shi ma kuma bai taɓa sani ba.