Daminar da Jiratawa Ta Daina Gaishe Ni

Lokacin Nasara, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin noma na Maraɗi, aka zaɓe ni cikin waɗanda za a biya wa kuɗin karatu su tafi Dakar su koyi rarrabe tsirrai dangi-dangi. A can na san cewa gawo da wake 'yan gida ɗaya ne, abin da har yau in na faɗa sai a dube ni kamar na sha wani abu. Na koyi ƙirga ganyen fure da sunayen Latin masu karya harshe. Amma ba ni da wanda zan ce wa ina kwana ya amsa da Hausa. Kewa ta ci ni ƙwarai, kuma wanda na fi kewa shi ne kawuna na Jiratawa da ya rene ni, mutum mai surutu da tsokana, wanda ko akuya ta gitta sai ya tanka mata.

Na dawo farkon damina, aka ba ni ɗaki a Sabon Gari da aiki guda: in tattara tsirran kwarin Gulbi daga Tsibiri har Jiratawa. Kayan aikina katako biyu ne da madauri da tsofaffin jaridu. In tsinko reshe mai fure ko 'ya'ya, in shimfiɗa shi tsakanin jaridu, in ɗaure tamau ya bushe.

Ranar da na fara shiga Jiratawa da kayan nan a bayan keke, na yi sallama a bakin rijiya, mata suka sunkuyar da kai. Na gaida tsofaffi a gindin tsamiya, suka ɗaga hannu kawai. Kawu kansa yana zaune a ƙofar gida, ya rame, yana tari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi ganyayen da ke leƙowa daga katakon, ya yi mini alama da hannu in wuce.

Ni kuwa da zuciya. Na ce a raina, wato don na sa wando na ci burodin Nasara shi ne na zama baƙo? Na hau kekena na koma. Haka damina ta tafi. Kullum na ratsa garin da sabara da kalgo da geza a ɗaure, kowa ya yi gum, inna matar kawu ta ajiye mini fura a bakin zaure ta koma ciki. In sha, in tafi ɗakina in yi ta sauya wa ganye jarida don kada ya yi fumfuna. Kaɗaicin Dakar bai kai wannan ciwo ba, don can ban san kowa ba.

Da kaka aikin ya ƙare, na je hannu sake, da niyyar in ji laifina. Tun daga bakin gari aka yi ta yi mini barka da zuwa. Kawu na kwance a zaure, muryarsa ta dushe.

"Ɗan nan, ka gama haɗawa? Ina shi?"

"Ina me, Kawu?"

"Maganin tarin mana. Ba ilimin itace ka tahi koyo ba? Ni na hana kowa ya tanka maka. Mai ɗibar magani ba a yi mai magana sai ya kai shi gida, in ba haka ba ya karye."

Na san al'adar sarai, tun ina yaro. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ake yi wa ita ba. Na ce masa sunayensu kawai na koyo, da danginsu, ban san wanda ke maganin tari ba.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ashe hirar damina guda muka zubar a banza. Matso kusa, ba ni labarin teku."

Na matsa na fara ba shi. Ban kai ƙarshen labarin ba a ranar, ya gaji ya yi barci. Kafin a gama ɗaure gero muka binne shi.