Sunan da Baffa Bai Faɗa Ba

Yayana ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma nuna nasa ne a gaban mutane. Da aka kama shi a kasuwar ƙauye bisa zargin satar bijimi, na raka mahaifinmu, Baffa, neman beli.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya ce, "Wa kake nema? Mene ne haɗinku?"

Baffa ya sunkuyar da kai. "Wani yaro ne na wajenmu."

"Ashe kai ma ka ƙi shi, Baba," in ji ɗan sandan, ya rufe littafinsa. Ni kuwa ban isa in tsoma baki a gaban Baffa ba.

Sati uku yayana ya yi a kulle, bai ga alƙali ba, bai ga lauya ba, har aka tsinci bijimin ya bi wani garke. Sai da na fara aiki a Dutse na ji tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Babu wanda ya gaya mana.

Baffa ya rasu yana ganin kunyarsa ce ta kulle ɗansa. Su da suka san dokar kuwa, ba su ji kunyar komai ba.