Ƙyauren Gidan Wahabu

Shekara talatin Wahabu ya yi yana sauke baƙi a Didawure, cikin Sokode. Ɗakunansa shida, babu mai ƙyaure ko ɗaya, sai asabari. Fatake da masu shanu su sauka, su ci tuwon matarsa Hawa, shi kuma ya nemo musu mai saye ya sami la'ada. Ko allura ba ta taɓa ɓata a gidan ba. Wannan suna shi ne duk dukiyarsa.

Da Faransawa suka gyara hanyar arewa, sai kamiyo, babbar motar kaya, ya fara zubo wasu irin baƙi, akawuna da masu akwatin ƙarfe, masu son kwana ɗaya su biya su wuce. Su ɗaga asabari, su leƙa, su ce, "Ina makulli?" In ya ce amana ce makullin gidan nan, su yi murmushi su ɗauki akwatinsu. Fatake kuwa kullum raguwa suke.

Wata shekara ya je ta'aziyya Dapaong, ya kwana a wani masauki bakin hanya. Ba ruwan maraba, ba tambayar mutanen gida, amma kowane ɗaki da kwaɗo, kowane ɗaki da mutum. Da ya dawo ya sayar da bijiminsa ɗaya tilo, ya kira kafinta ya sa wa kowane ɗaki ƙyaure da kwaɗo.

Wanda ya fara sauka bayan aikin Salifu ne, mai shanu daga Dapaong, baƙonsa tun suna samari. Wahabu ya miƙa masa makulli hannu bibbiyu.

Salifu ya jujjuya shi, ya ce, "Maigida, ɓarawo ne ya shigo gidan?"

"Wane ɓarawo, Malam Salifu? Zamani ne."

"To wa zan kulle wa? Kai, ko Hawa?"

Ya sha ruwa, ya ajiye makullin kan tabarma, ya tafi ya sauka a unguwar Komah. Kafin Juma'a duk kasuwar shanu ta ɗauka cewa kaya na ɓata a gidan Wahabu. In ba haka ba, me ya kawo ƙyaure?

Akawu ɗaya ya zo. Ya yaba kwaɗon, ya tambayi gado, ya ga tabarma, ya wuce.

Hawa ta ce, "Malam, a cire su mana."

"In na cire, cewa za su yi an kama ɓarawon."

Bai cire ba. Ya zura makullan shida a igiya ya rataye a zaure. Kullum da safe Hawa takan ɗauko su ta buɗe ɗakunan ta share, ta mayar ta kulle.