Bindigar da Dattawa Suka Zaɓa wa Yayana

Har yau ba na son warin man keken ɗinki. Ɗinki ne sana'ata, amma duk ranar da zan ɗiga wa keke mai sai na kawar da kai. Da irin wannan man Baba yake goge bindigarsa ta farauta a gindin mangwaron gidanmu, a wani ƙauye bayan Kagoma.

Baba tsohon soja ne. Bindigar tasa ta toka ce, ta kusa kai shi tsawo. Kai da ba a can ka tashi ba, sai na faɗa maka: a wurinmu da tsawon bindiga ake auna namiji. Idan rani ya shigo, an tone citta an shanya, ƙamshinta ya cika gari har ido yana yaji, sai maza su shirya farauta. Kowa ya jingina bindigarsa a bangon gidan wan Baba, wanda muke kira Baba Babba, shi kuma ya bi su yana fesa musu burukutu da baki. Wadda ta fi tsawo ita ake fara fesawa. Fasto ya yi wa'azi a kan haka har ya gaji. Mu mata daga nesa muke leƙe, don ba a yarda mu tsallake ko inuwar bindiga ba.

Bayan rikicin da ya tashi a Kafanchan a 1987, abin ya ƙaru. Tsoro ya shiga mutane, kowane gida yana so a san yana da mai riƙe bindiga. A wannan lokacin yayana ya shiga soja. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin Mama. Mutum ne mai sanyi, ko kaza aka ce ya yanka sai ya miƙa wa wani wuƙar. A bariki ya koyi tuƙi, kuma idan ya zo hutu ba ya da hira sai ta mota.

Wani rani ya sauka daga jirgin ƙasa ba tare da mun sa ran zuwansa ba. Ogansa ya ba shi zaɓi. Ko ya zama direbansa a Kaduna, ya ajiye doguwar bindiga ya rataya fistol a ƙugu, ko ya zauna cikin rundunarsu da ake cewa za a tura Laberiya. A al'adarmu ɗa ba ya yanke babbar magana shi kaɗai, sai ya kawo ta gaban iyaye maza. Ya kawo.

Ni na kai musu ruwa, na kuma ƙi tafiya. Baba Babba ya tambaye shi, "Wannan fistol ɗin, yaya tsawonta?"

Yaya ya gwada da hannu, tafi ɗaya da ɗan ƙari. Dattawa suka fashe da dariya.

"Ai cokali ne wannan!" in ji Baba Babba. "In muka jingina ta a bango, kaza za ta ɗauke."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Soja na haifa, ba yaron oga mai buɗe ƙofar mota ba."

Mama ta yi magana daga bakin madafa, muryarta ƙasa-ƙasa: "Baban yara, ƙarama ko babba, ai Kaduna kusa ce."

"Wa ya sa bakin mace a maganar bindiga?" Baba Babba ya daka mata tsawa. Nan maganar ta ƙare.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Baba ya san yaƙi. Sauran dattawan gafiya da gada kawai suka taɓa harbi, amma shi ya gani da idonsa. Mutumin da ko yara suka fasa banga, abin wasan nan mai ƙara kamar harbi, ranar Kirsimeti sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ya sani sarai, amma ya fi jin tsoron dariyar 'yan'uwansa.

Ni na raka Yaya bakin hanya, ɗauke da ƙullin accar da Mama ta daka masa. Da mota ta tsaya, sai ya karɓi ƙullin ya ce, "Ƙanwata, ni fa tuƙin nake so." Ya shiga.

Da damina ce, muna cire ciyawa a gonar doya, sojoji biyu suka iso da akwatinsa na ƙarfe. Babu gawa. Mama ta zauna a kan kunya, fartanya a hannunta, ba ta yi kuka ba sai da aka kamo ta zuwa gida. Bayan addu'a a coci, dattawa suka jeru suka harba dogayen bindigoginsu sama, hayaƙi ya rufe tsakar gida. Baba Babba ya ce wa jama'a ɗanmu ya yi mutuwar maza. Daga ranar Mama ba ta ƙara gaishe shi ba har ta koma ga Ubangiji. Baba kuwa bai sake fita farauta ba, amma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba.

Yanzu ba mai jingina bindiga a bango. Samari ba sa kawo magana gaban kowa, dattawa suna ta kukan an raina su. Idan na ji wannan kukan ba na tayawa.

Aikin tuƙin da Yaya ya bari, wani abokinsa ɗan Gwantu ne ya karɓa. Ya yi shekarunsa yana buɗe wa oga ƙofa, ya yi ritaya lafiya. Nakan gamu da shi a kasuwar Kafanchan, riƙe da hannun jikarsa, kansa fari fat. Yakan gaishe ni da fara'a, ni ma in amsa, don ba shi da laifi. Amma ba na iya kallon furfurar nan. Na san kan da ya kamata ta fito.