Na'urar Bayan Makarantarmu da Ƙirjin Hassu

Ranar wata Laraba cikin bazara, ina aji huɗu, muna tsakiyar wasan 'yar gala-gala sai ga babbar mota ta sauke farar kwantena a filin bayan makarantarmu ta Ƙofar 'Yandaka. Masu bincike ne daga jami'a. Aka ce na'urar da ke ciki tana harba hasken leza sama, wanda ido ba ya gani, don binciken iska. Kafin labarin ya iso gidanmu ya koma wai wanke iska take yi.

Ƙanwata Hassu kuwa tun tana goye take fama da asma. In ta taso mata, ƙirjinta har fito yake yi. Inna ta gwada asibiti, ta gwada rubutu, ta gaji. Don haka kullum bayan azahar, in na gama wanke-wanke, sai ta ɗora mani ita a baya: "Maza, Binta, kai ta ta shaƙi mai kyau." Mu zauna jikin wayar da ta kewaye wurin, rana na dukanmu, ina yi mata 'yar tsana da kara.

A kwana na biyar wata Malama mai gilashi ta fito ta tambaye ni abin da muke jira. Da na faɗa mata, sai ta durƙusa ta dafa kan Hassu. Ta ce aunawa kawai na'urar take yi: hasken ya tafi ya dawo, su gane yawan wata iska mai suna ozon, wadda hayaƙin babura da janareto ke haifarwa in rana ta gasa shi. "Yanzu ne ma ta fi yawa. Ki ce wa Innarku ta riƙa barin ta a ɗaki."

Wallahi da niyyar faɗa wa Inna na taho gida. Sai na iske ta tana tankaɗe tana 'yar waƙa, abin da na manta rabon da in ji, tana ce wa maƙwabciyarmu Hassu ta fara samun sauƙi. Na ce a raina sai gobe. Goben nan ta kai ni wata biyu ina goya yarinya cikin rana, har safiyar da numfashinta ya tsaya a hanyar asibiti.

Yau ni ma uwa ce, babura sun cika gari fiye da da, 'ya'yana ba sa fita da tsakar rana, ba su kuma san dalili ba. Wani likita ya ce mani ba lallai zaman ranar ne sanadi ba, na kuma yarda da ajali. Amma har yanzu in aka tuna Hassu, Inna cewa take, "Binta ta yi mata ƙoƙari, Allah Ya saka mata." Sai in ce amin, in tashi in shiga ɗaki.