Malam Labo, Wanda Muke Kira Gatanan

“Inna, wanga ne Malam Gatanan da Baba ya ce aikinshi tatsuniya?”

A gaban mutumin ɗiyata Fadila ta yi tambayar, ranar kasuwar Tsarnawa, yana tsaye yana tayin wake. Na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce a gaya wa babanta har yanzu yana jiran amsar tambayar da ya yi masa tun yana aji na biyu a kwaleji.

Malam Labo ke nan, malamin tarihi, wanda ya ajiye alli bana. Kullum da safe ya kan tura tsohon babur ɗinsa har bakin titi kafin ya yarda ya tashi, manyan motocin sumunti na Malbaza suna wuce shi. Iyaye suka laƙaba masa Gatanan, don a ganinsu darasinsa hira ce. Kowa na so ɗansa ya iya lissafi ya samu aiki a buro, wato ofis, ko a masana'anta. Tarihi kuwa, wa ya taɓa cin tuwo da shi?

Yana koyar da daulolin da ke cikin littafi kamar kowa, amma yana da wani aikin gida nasa. Sai ya ce ka je ka tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gidanku wace shekara aka haife shi, kuma ba lamba yake so ba. Sunan shekarar yake so, irin yadda tsofaffi ke ƙirga ta, ko shekarar fara, ko shekarar da aka haƙa rijiyar gari.

Ni ma ya koyar da ni, ta haka kakata ta gaya mini an haife ta shekarar da rumbuna suka ƙare, kuma nonon shanun gidan su Halilu, makiyayan da ke bayan gonarmu, shi ya raya ta. Na girma ina jin ana zaginsu kan ɓarnar gero, ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan. Da damina ta zagayo kakar tawa ta rasu.

Mutanen Bazaga ma shaida ne. Shekarar da rigimar burtali ta kusa kai ga sanduna, wani tsohon ɗalibinsa, Yari, ya tuna kakansa ya taɓa lissafa masa itatuwan da hanyar shanu ke bi. Ya ɗauko tsohon a amalanke, makiyaya suka kawo nasu tsohon. Su biyun suka yi ta gardama kan wata tsamiya, suna zolayar juna da mantuwa, a ƙarshe suka nuna wuri ɗaya. Ba a kira jandarma ba.

Malam, kai ne ka mai da mu ɗakunan kakanninmu tun suna da rai. Ka sha sunan ba'a ba ka taɓa ɓata fuska ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai lafiya.

Abin da ke ci mini rai, har yanzu ba a turo wani a gurbinsa ba. A taron iyaye aka ce duk malamin da ke da sarari ya riƙe darasin. Wani uba ma ya ce gara a ƙara wa lissafi lokacin, aka tafa masa. Na tashi na yi magana, aka ce in bari sai yarana sun kai kwaleji. In sun kai, wa zai aike su, kuma wa za su tarar su tambaya?

Ke uwa, kai uba, in an kira taro na gaba ku je ku nemi a turo malamin tarihi, kuma ku aiki yaranku wajen tsofaffinku tun yau. In kuka yi shiru, ranar da shanu suka shiga gona babu mai tuna wa ya shayar da wa, kuma ɗanku ne zai fara ɗaga sanda.