Filas ɗin da Hajiyata ke ɓoyewa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a garin Upper Marlboro, can ƙasar Turawa, ina aiki a wani ofishin gwamnati a unguwar Southwest, mahaifiyata ta zo daga Kano ta yi mana wata shida bayan matata ta haifi ɗiyarmu ta biyu. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta doguwar hira da ni. In tana da magana sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa jaririyar ina ji.

Don in nuna mata ɗanta ya waye, na sayi bilenda babba. Kullum kafin in fita aiki sai in zuba ayaba, madara, yogot, lemon zaƙi da ƙanƙara, in markaɗa, in cika mata kofi. In ce, "Hajiya, wannan shi ne lafiya. Turawa da shi suke karyawa." Ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, ta shanye ina tsaye.

Ba a yi wata guda ba ta fara ramewa. Ciki ya riƙa kumbura, gyatsa, rashin barci. Na kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, likita ya ce bai ga abin tashin hankali ba. Ko na ce mata ya jiki sai ta ce da sauƙi.

Sai wasu abubuwa suka fara sauyawa. Ta daina cin abinci tare da mu. Ta ce a daina sa mata ruwa a firij. Ranar da matata ta yi miyar kifi ta kawo da fura da yogot, Hajiya ta ture furar gefe. Kuma ga wani ƙaramin filas mai ruwan toka da ba namu ba, kullum yana ƙarƙashin mayafinta, tana kurɓa in ta ga ba mai kallo.

Matata ce ta fara tare ni. Ta ce, "Abban yara, ka tambayi Hajiya ko akwai abin da na yi mata. Ba ta cin girkina sai ta bincika da cokali. In zargina take ina sa mata wani abu, gara in sani." Idonta ya cika da ƙwalla. Ta kuma gaya mini cewa da zarar na fita, Hajiya kan tsallaka gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Ba'indiya da ke zaune da ɗanta da matarsa, ta yi awa biyu.

Abin ya tsaya mini a rai. Hajiya ba ta jin Turanci, tsohuwar ma ba ta ji, balle Hausa. To me suke cewa awa biyu? Na taɓa leƙa falonsu sau ɗaya, na ga wani lungu da hotuna da furanni da turaren wuta. Zuciyata ta haɗa wannan da filas ɗin, ta ba ni labari cikakke. Na ce ko dai wani ruwan addu'arsu ake ɗura wa uwata, ko kuma irin maganin nan da ake cewa ana samun gubar dalma a ciki. Na tuna ramar da take yi.

Abin da na yi ina jin kunyarsa har yau. Na jira ta tayar da sallar la'asar ranar Asabar, na ɗauki filas ɗin, na tsiyayi ruwan a kwalba. Ruwa ne mai ɗumi, rawaya-rawaya, da wasu tsabobi a ƙasa. A ƙarƙashin filas ɗin na ga takarda a naɗe, an yi zane-zane da jan biro da wani rubutu da ban iya karantawa ba. Na sa a aljihu. Ni da digiri biyu, ina sanɗa a gidana kamar ɓarawo.

Na tuƙa har garin Wheaton wajen abokina, mai haɗa magunguna ne. Ya shinshina kwalbar, ya ɗanɗana, ya ce, "Injiniya, citta ce da kurkum, da tsabar nan da ake taunawa a gidan abincin Indiyawa bayan an gama ci. In wannan guba ce, to matata ma tana kashe ni." Na ce ya dai duba takardar. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ba laya ba ce. Ga kifi, ga kofin madara, an ja musu jan layi. Ga ayaba da madara, an ja. Ga lemo da madara. Ga ƙanƙara. Me take ci da safe?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya sake tambaya. Da na faɗa masa, ya cire tabarau ya goge ido don dariya. Ya ce manya da yawa cikinsu ba ya ɗaukar ɗanyar madara irin ta nan, balle kofi guda mai sanyi a cikin da ba a sa wa komai ba.

Duk da haka ban yarda ba sai da na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtan. Matar ɗan ce ta buɗe, ta yi mana tafinta. Tsohuwar ta ce ta ga Hajiya a bayan gida tana riƙe da ciki, sai ta yi mata nuni da hannu: me kika ci? Hajiya ta ja ta har tagar kicin ɗinmu ta nuna mata bilenda. Tsohuwar ta bayyana mini cewa a ilimin maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurveda, ciki kamar murhu ne. Akwai abincin da kowanne shi kaɗai lafiya ne, amma in an haɗa su sai su danne wutar, kuma ruwan sanyi a kan abinci kamar watsa ruwa ne a garwashi. Na tambaya, a kaikaice, ko ana karanta wani abu a ruwan. Matar ɗan ta gane inda na dosa. Ta ce, "Mahaifiyarka da kanta take dafawa. Ba ta taɓa yarda wani ya ɗora mata ba."

Da na koma gida na durƙusa gaban Hajiya na ajiye takardar. Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki jaririyar ta ce mata, "Ki gaya wa babanki, mutum ya tashi da sassafe ya yi maka abu da hannunsa yana murna, ta ina za ka ce masa yana cutar da kai? Ki ce masa kifi da nono kuwa, tun ina yarinya kakata ta hana mu. Ba a Indiya na fara ji ba." Sai ta juya wajen matata ta ce, "Ke kuwa 'yata, girkinki ba laifi. Na ji nauyin in ce ki raba mini tukunya ne." Matata ta sunkuyar da kai tana kuka tana dariya.

Aka koma kunun gyaɗa mai zafi da safe, abinci a kan lokaci, 'ya'yan itace su kaɗai da rana. Cikin mako uku ta fara cikowa. Ko ilimin tsohuwar ne ya yi aiki, ko daina shan haɗina ne kawai, ban sani ba, kuma na daina gardama a kai.

Bayan Hajiya ta koma Kano da kwana biyu, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Matar ɗan ce, riƙe da wani abu baƙi a cikin leda biyu, ta miƙe hannu nesa da hancinta. Ta ce, cikin ladabi, mahaifiyata ta bar wa surukarta wannan, tsohuwar kuma ta dage sai ta sa a miya, shi ne mijinta ya ce a zo a tambaya ko ba shi da haɗari. Daddawa ce. Na ga fuskarta, na san ainihin abin da ke ranta, don ni ma na taɓa zama a wurin.

Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne, na bincika filas, na bincika maƙwabta, na tuƙa mota har wani gari, amma ban taɓa zama na tambayi uwata me ke tayar mata da ciki ba. Matar da ba ta san kalma ɗaya ta Hausa ba ce ta yi wannan tambayar, da hannu.